Mai a Birkin Babur: Yadda Za a Gane Shi, da Abin da Za a Yi

'Yan'uwa manoma, babur ya zama jakin zamani a ƙauyukanmu. Shi ke kai taki gona, shi ke kai masara kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma yawancinmu inji muke kula da shi, mu manta da birki. Babur ɗin da ya ƙi tashi, rana kawai zai ɓata maka. Wanda ya ƙi tsayawa kuwa, rai yake ɗauka.

Birki iri biyu ne. Akwai na kwano, wanda takalmansa ke ɓoye a tsakiyar ƙafar babur. Akwai kuma na faifai, inda takalma biyu ke matse wani faifan ƙarfe, galibi a ƙafar gaba. Dukansu da guga suke aiki, mai kuwa santsi yake kawowa. Birkin gaba shi ke yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin tsayar da babur, saboda haka ɗigon mai kaɗan a wurin ba abin rainawa ba ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In robar shokazoba ta gaba ta ci, mai yakan biyo ƙarfen ya sauka kan faifai. Man birki kansa yakan yi yoyo. Wani yakan cika wa sarƙa baƙin mai, ta riƙa fesa shi a ƙafar baya. Giris in ya yi yawa yakan malala cikin kwano. Haka nan jarkar manja ko ta man gas da aka ɗaura ba a rufe da kyau ba.

Alamarsa ba ta ɓuya. Birki zai riƙa kuka, ka matse iyakar ƙarfinka babur yana ta tafiya, in ka shafa farin tsumma a faifan sai ka ga baƙin maiƙo.

Ga abin yi. Da fari, a toshe inda man ke fitowa, in ba haka ba aikin banza ne. Na biyu, a cire takalman, a wanke faifan ciki da waje da maganin wanke birki na gwangwani, ko sifirit, ko ruwan zafi da omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Kada a sa kananzir ko man gas, gama su ma mai ne, suna kuma lalata robobin birki. Kada a hura ƙurar birki da baki, tana cutar huhu. A share ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Na uku, takalman da suka sha mai a yar da su, a sa sababbi, duka biyun tare. Faifai ƙarfe ne, yana wankuwa. Takalmi kuwa kamar soso yake, ya riga ya tsotse man. Ko an goge bayansa da samfefa, da zarar ya yi zafi a gangara man zai sake tsattsafowa. Waɗansu sukan ƙona shi a wuta, amma wuta tana raunana gam ɗin da ya riƙe shi a jikin ƙarfe, yana iya ɓallewa ana cikin tafiya. Araha ba ta ado.

Na huɗu, in za a ƙara man birki, a duba murfin tukunyarsa, a sa irin wanda aka rubuta, DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai ba ya shiga nan ko kaɗan. Bayan an ɗaura, a matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, sa'an nan a gwada a fili, a tsaya a hankali kamar sau 20 kafin a ɗauki kaya ko mutum.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce, ku sayi takalman birki da dama ku ajiye a ma'ajinku, don kada rashin kuɗi a hannu ya sa ɗan'uwa ya hau da lalatacce. Ku kuma sa rana guda kafin damina, da wata kafin kaka, ku kira bakanike ya duba baburan kowa. Rigakafi ya fi magani.