Kashi Nawa Cikin Ɗari, Amma Na Me? Abin Da Ƙuri'un Katsina Na 2023 Ke Nunawa

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 489,045 a Jihar Katsina, Bola Tinubu na APC kuma 482,283. Bayan mako uku, a zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya tashi da 859,892, Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP ya samu 486,620. Daga waɗannan lambobi huɗu ana iya fitar da labari biyu mabambanta, kuma dukkansu lissafi ne na gaskiya.

A jera su cikin jadawali: kowane zaɓe a layin kwance, kowace jam'iyya a layin tsaye, a ajiye sauran jam'iyyu gefe don sauƙi. Idan aka raba kowace lamba da jimillar layinta na kwance, PDP na da kashi 50.3 cikin ɗari a Fabrairu, ta faɗo 36.1 a Maris. Mai karatu zai ce jam'iyyar ta rushe. Idan kuwa aka raba da jimillar layin tsaye, sai a ga ƙuri'un PDP na zaɓukan biyu sun rabu 50.1 da 49.9, wato ƙuri'a 2,425 kacal ta rasa. APC ce ta ƙaru da 377,609.

Wannan rabo da jimilla shi masana ƙididdiga ke kira daidaita jadawalin yiwuwa bisa sharaɗi. Sharaɗin shi ne abin da aka riga aka sani, misali cewa zaɓen gwamna ake magana; yiwuwar ita ce ta abin da ake tambaya, cewa ƙuri'a ta PDP ce. Ƙa'idar guda ce: duk abin da ke ƙarƙashin sharaɗi ɗaya dole ya haɗu ya ba da 1, ko kashi 100. Juya tambayar kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙarin lissafi, wanda aka jingina wa Thomas Bayes na Ingila, aka buga a 1763 bayan mutuwarsa.

Kwamfuta ba ta san tambayar da ke zuciyar mai aiki ba. A manhajar R, umarnin prop.table na karɓar lamba 1 don layin kwance, 2 don na tsaye. Idan aka manta ba a sa komai ba, sai ya raba da jimillar jadawalin gaba ɗaya, kuma ba zai yi gargaɗi ba. Haka crosstab na pandas yake a Python, sai an zaɓa masa. Shi ya sa ƙwararru ke sake tara kowane layi bayan an gama, su ga ko ya ba da 1, tare da barin ɗan sarari, domin kwamfuta kan bar ragowa ƙanƙanuwa a lissafin ɓangarori.

Matsalar ta fi fitowa idan aka sauka ƙasa. A ɗauki Musawa, ɗaya daga ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua. Matashin da ya tattara takardun EC8A na rumfunanta daga shafin IReV na hukumar INEC zai samu jadawali mai layuka da yawa. Duk rumfar da ba a yi zaɓe ba, jimillarta sifili ce, sifili kuma ba a raba lamba da shi. R za ta rubuta NaN. Wasu kan share wannan su cike gurbin da 0, sai rumfar da mutanenta ba su samu damar jefa ƙuri'a ba ta koma kamar wadda ta ƙi kowa. A yankin da matsalar tsaro ta taɓa ƙauyuka, wannan gurɓata tarihi ne. Rumfa mai masu zaɓe 40 da mai 700 ma, da an daidaita su sai su yi kama da juna, don haka ya kamata ainihin adadin ya zauna kusa da kason.

Tarkon bai tsaya ga zaɓe ba. A rabon takin zamani ga manoman masara da auduga daga Musawa zuwa Malumfashi, "kashi nawa na waɗanda suka samu mata ne" tambaya ce daban da "kashi nawa na mata manoma suka samu". Ta farko jerin sunayen masu karɓa ya ishe ta. Ta biyu sai an san yawan matan da ke noma, har da waɗanda ba su samu ko buhu ɗaya ba, kuma ita ce ta fi wuyar amsawa ga mai rabo.

Akwai kuma abin da jadawalin Katsina ba zai faɗa ba, kowace hanya aka bi. Bai nuna ko mutanen da suka zaɓi Atiku su ne suka zaɓi Lado ba, bai kuma nuna daga ina ƙarin ƙuri'un APC suka fito ba: daga waɗanda ba su fita a Fabrairu ba, ko daga magoya bayan NNPP, ko daga musanya tsakanin ɓangarorin biyu. Ƙuri'a a asirce ake jefa ta, takardar EC8A kuma jimillar rumfa take ɗauke da ita.