Shin aikin kwantiragi na kai mutum ga aikin dindindin?

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin bankunan da ke Nassarawa GRA da kewayenta a Kano ba zai iya bambance ma'aikatan da ke bayan kanta ba. Shigarsu iri ɗaya ce, tare suke buɗe ofis, tare suke tashi bayan an gama lissafin yini. Sai a ƙarshen wata bambancin ke bayyana: wani banki ne ke biyansa, na kusa da shi kuwa albashinsa na fitowa ne daga wani kamfanin samar da ma'aikata wanda ƙila bai taɓa taka ofishinsa ba. Haka lamarin yake ga masu gadi da masu shara da direbobi a otal-otal da asibitoci masu zaman kansu na unguwar, har zuwa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa.

Yawancin masu karɓar irin wannan aiki suna shiga ne da zummar cewa mataki ne. Iyaye kan ce a fara da haka, da babu gara ba daɗi, in aka ga ƙwazonka za a tabbatar da kai. Wasu kam ana tabbatar da su. Abin tambaya shi ne ko tsarin an gina shi ne domin hakan ta riƙa faruwa, ko kuwa sa'a ce ke faɗa wa ɗaya cikin masu yawa.

Tsarin yana da ƙafa uku. Banki ko masana'anta na ƙulla yarjejeniya da kamfanin samar da ma'aikata, ta biya shi kuɗi a dunƙule kan kowane mutum. Kamfanin ya cire la'adarsa, ya biya ma'aikaci abin da ya rage. A takarda ma'aikacin na kamfanin ne, a aikace kuwa manajan reshe ne ke ba shi umarni. Ribar mai aikin a fili take: ba ya biyan alawus-alawus da garatuti irin na ma'aikatansa, kuma ranar da ya ga dama zai iya cewa ya mayar da mutum ga kamfaninsa, ba tare da ya rubuta takardar kora ba.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna girman abin. A ƙarshen 2019 bankunan Najeriya na da ma'aikata 103,610. Daga cikinsu 45,350 'yan kwantiragi ne, ƙananan ma'aikata na dindindin kuwa 39,896 ne. Ke nan masu jiran a tabbatar da su sun fi waɗanda ke kan kujerun da ake jira yawa. Zauren da ya fi cikin gida girma ya tashi daga wurin jira, ya zama mazauni. Kujerar mai ƙirga kuɗi ba ta wucin gadi ba ce, tana nan shekara da shekaru. Mai zama a kanta kaɗai ake sauyawa.

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin ma'aikata, wai doka ta ce duk wanda ya yi wata uku yana aiki dole a mayar da shi na dindindin. Ba haka Dokar Ƙwadago ta ce ba. Abin da sashe na 7 ya wajabta shi ne a bai wa ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin wata uku su wuce da fara aikinsa, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki da hutu, da ranar ƙarewar yarjejeniya idan mai wa'adi ce. Takardar na iya cewa aikin na shekara ɗaya ne, kuma ba a karya doka ba. Sashe na 11 ma bai hana sallama ba, wa'adin sanarwa kawai ya tsara: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar.

Dokar da mutane ke zaton tana nan, a Afirka ta Kudu take. Tun 2015 ma'aikaci mai ƙaramin albashi da kamfanin dillanci ya tura wani wuri, idan ya wuce wata uku, ana ɗaukarsa a matsayin ma'aikacin wurin da yake aiki, kuma Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta tabbatar da hakan a 2018. A Najeriya Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta tsaya ne ga fitar da ƙa'idoji, na ɓangaren mai da iskar gas a 2011, na bankuna da kamfanonin inshora a 2022. Ƙa'ida ba ta da haƙorin doka. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ba ta haramta tsarin ba, sai dai takan duba wanda ke juya ma'aikaci a zahiri maimakon abin da takarda ta faɗa, har ta ɗora wa ɓangarorin biyu alhakin haƙƙinsa. Wannan na iya fito wa mutum da kuɗinsa bayan an rabu. Ba kasafai yake mayar da shi kan kujera ba.

Masana tattalin arziƙi sun bi diddigin wannan tambaya a wasu ƙasashe. David Autor da Susan Houseman sun nazarci masu neman aiki a birnin Detroit na Amurka, suka wallafa sakamakon a 2010. Waɗanda aka haɗa kai tsaye da mai ɗaukar aiki, samunsu ya ƙaru a shekarun da suka biyo baya. Waɗanda aka tura ta hannun kamfanin dillanci ba su sami wannan ƙarin ba. A Italiya kuma wani bincike ya gano cewa irin wannan aiki ya taimaka wa mutane samun na dindindin a Tuscany mai yawan masana'antu fiye da yadda ya yi a Sicily, inda ayyuka suka yi ƙaranci. Tsani yana amfani ne idan akwai bene a samansa. Kano, wadda masana'antunta da dama suka rufe tun daga shekarun 1990, ta fi kama da ta biyun.

Ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Wanda ma'aikata ta ɗauka da kanta a gwaji na wata shida ko shekara, sunansa na cikin littafinta, kuma an ɗauke shi ne da niyyar a gani ko zai zauna. Wanda ya zo ta hannun kamfani ba ya cikin wannan layi. Idan banki ya tashi ɗaukar sababbin ma'aikata na dindindin, yakan nemi mai digiri da sakamako mai kyau, ya kuma sanya iyakar shekaru, galibi 26 ko 27. 'Yan kwantiragi kuwa da yawa da difloma ko NCE aka ɗauke su. Wanda ya shiga yana da shekara 23, ya daure ya yi digiri a ƙarshen mako, zai iya kammalawa ya tarar shekarunsa sun haura iyaka. A nan ne haƙuri ke zama asara, domin shekarun da ya kashe yana jira su ne suka rufe masa ƙofar. Yaron shago a Kantin Kwari ko Singa, duk da ba shi da takarda, ya san al'ada ta tanadar masa ranar da ubangida zai sallame shi da jari. Ɗan kwantiragi na da takarda, amma babu irin wannan ranar a cikinta.

A aikin gwamnati ma amsar ba ɗaya ba ce. Shirin N-Power ya fara a 2016 da matasa 200,000 a kan alawus na Naira 30,000, kuma da yawansu sun sa rai za a shigar da su aiki. A 2020 aka sallami rukunan farko. A Kano kuwa gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta bai wa dubban malaman sa-kai na shirin BESDA takardun aikin dindindin. Babu dokar da ta tilasta hakan. Makarantu ne ke buƙatar malamai, gwamnati kuma ta yanke shawarar ɗaukar nauyin albashinsu.

Mai shirin karɓar irin wannan aiki yana da tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma tsofaffin ma'aikatan wurin ne za su amsa ta: mutum nawa aka tabbatar a reshen nan cikin shekaru uku da suka wuce, kuma ta wace hanya? Sannan ya nemi sanin ko kamfanin na da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Kamfanin da ya buƙaci kuɗin fom ko wani kaso na albashin farko abin gudu ne, domin yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta shimfiɗa cewa mai neman ma'aikata ne ke biyan dillali, ba mai neman aiki ba.

Fansho shi ne abin da ɗan kwantiragi zai iya fita da shi ko an tabbatar da shi ko ba a yi ba. Dokar 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye zuba kashi 10 cikin 100, a cire kashi 8 daga ma'aikaci, a tura duka asusunsa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Asusun na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma. Akwai kamfanonin da ke cire kason su riƙe, don haka wanda wata biyu suka wuce bai ga saƙon shigar kuɗi daga kamfanin fanshonsa ba, ya kai ƙara Hukumar Fansho ta Ƙasa. Dokar ta tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin da aka riƙe ba a kowane wata, kuma asusun ma'aikacin take shiga.