Kafin Gari Ya Cinye Filin Jirgi: Darasin Kano ga Mutanen Gaya

A garin Gaya na jihar Dosso, ƙarar da kunnuwanmu suka saba da ita ta manyan motocin kaya ce, sai ta injin kwalekwale a kogin Kwara tsakaninmu da Malanbil. Muna da ɗan filin saukar jirgin sama, amma babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kansa. Alhazanmu ma sai sun yi tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Yamai kafin su tashi. Don haka in ka ɗauko zancen illar filin jirgi a majalisa, za a ce maka wannan ciwon kan manyan birane ne. Ni kuwa a ganina yanzu ne ya kamata mu yi zancen, tun akwai sarari.

Kano ce shaidata. A 1925 jirgin sama ya fara sauka a can, a 1936 kuma aka soma jigilar fasinja. A wancan zamanin filin yana bayan gari. Yau filin Malam Aminu Kano na tsakiyar jama'a, Fagge da Kurna da Sabon Gari da Birged duk maƙwabtansa ne. Fegi bayan fegi aka yi ta yankawa har gidaje suka kewaye shi.

Idan fatauci ya kai ni Kano, gidan wani ɗan'uwana a Gwammaja nake sauka. Lokacin jigilar alhazai, jirgi kan tashi tsakar dare, tagogi su yi ta karkarwa, jariri ya farka da kuka. Masu gidan sun ce sun saba. Sai dai kunne ne ke sabawa, jiki yana ci gaba da ɗaukar nauyin. Likitoci sun danganta yawan ƙara da rashin barci, hawan jini da ciwon zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage a unguwa ya wuce desibal 45, da dare kuma 40. A birnin Munik na Jamus an sauya wa filin jirgi mazauni a 1992, masana suka bi diddigin 'yan makaranta: yaran da ke kusa da tsohon filin karatunsu ya inganta bayan an rufe shi, na kusa da sabon kuwa ya ja baya.

Gwammajar nan ce ta ga mafi munin abin. Ranar 4 ga Mayu 2002, jirgin kamfanin EAS mai zuwa Legas ya faɗo kan gidaje jim kaɗan da tashinsa. Mutum fiye da 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune cikin ɗakunansu, wasunsu ƙila ba su taɓa taka matakalar jirgi ba. Allah Ya jiƙan su.

Sai batun bola. Inda gidaje suka yawaita, juji da mahauta na biyo baya, su kuma su jawo shirwa da hankaka da balbela. Tsuntsu ɗaya in ya faɗa injin jirgi yana iya kashe shi. Abin da ya sa ke nan ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta buƙaci a riƙa lura da duk abin da ke tara tsuntsaye har tazarar kilomita 13 daga fili. Man jirgi kuma dangin kananzir ne. Hayaƙinsa na sauka kan unguwannin kusa, in ya tsiyaye daga tanki ƙasa ce ke shanye shi. A yanki irin namu, mai damina mafi albarka a Nijar, inda a fadamun Dallol Mawri da Foga ba a nisa ake tarar da ruwan rijiya, irin wannan tsiyaya ba ƙaramar barazana ba ce ga shinkafa da rake da ruwan sha.

Gaya na girma. Mahaɗar ƙasashe uku ce, bututun man Agadem ma ta nan ya ƙetara zuwa Benin. Ranar da ɗan filin namu zai samu baƙi ba za ta gagara zuwa ba, kuma tun ran gini ran zane. Rusa gidan da mutum ya gina da guminsa ya fi hana shi fegin tun farko ciwo da tsada.

Ina kira ga mahukuntan garin Gaya da hukumar ANAC mai kula da jiragen farar hula a Nijar da su shata iyakar filin, su kafa alamu, su hana yankan fegi da zuba shara a bakin titin jirgi da bayansa. Kai kuma mai neman wurin gini, tambayi inda jirgi ke bi kafin ka biya kuɗinka.