Yadda Binciken Sauyin Yanayi Ke Isa Teburin Masu Mulki

Minista ba shi da sukunin karanta dubban takardun bincike, ko da ya so. Don cike wannan giɓi ne Hukumar Yanayi ta Duniya da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin IPCC a 1988. Kwamitin ba ya gudanar da bincike na ƙashin kansa. Masana ne daga ƙasashe daban-daban ke tattara abin da aka riga aka wallafa, su tace shi, su fayyace inda hujja ta yi ƙarfi da inda take da rauni.

Kowane rahoto kundi ne mai ɗaruruwa ko dubban shafuka, amma abin da ke isa hannun shugabanni shi ne taƙaitaccen bayanin da ke farkonsa. A nan ake yin ta. Wakilan gwamnatoci kan zauna a zaure guda, a haska rubutun a allo, a bi shi jimla bayan jimla, wani lokacin har asuba. Marubutan na wurin, kuma ba a yarda a sanya abin da ya saɓa wa kundin ba. A taron Madrid na 1995, wakilan Saudiyya da Kuwait sun ja daga sosai kafin a amince da jimlar da ke nuna cewa akwai alamun hannun ɗan'adam a sauyin yanayi. Zuwa 2021, magana ta fito fili: babu ko tantama cewa ayyukan ɗan'adam ne suka ɗumama duniya, kuma zafin ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900.

Wasu na ganin wannan tsari yana rage wa gaskiya kaifi, kuma suna da hujja. Sai dai a ganina ribarsa ta fi, domin gwamnatin da wakilinta ya amince da jimla ba ta da bakin cewa ba ta sani ba.

Babbar matsalar ita ce jinkiri. Shekara takwas aka yi tsakanin rahoton kimiyya na 2013 da na 2021, alhali ambaliya da fari ba sa jira. A tsakanin haka sai a dogara da rahoton shekara-shekara na Hukumar Yanayi ta Duniya, da hukumomin cikin gida irin su NiMet a Najeriya, mai fitar da hasashen damina kowace shekara kafin manoma su fara shuka.