Yini Guda a Kan Ruwan Dam: Abin Gani da Abin Kiyayewa

'Yan'uwa manoma na Gwarzo da Kabo, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Waɗansu ƙungiyoyinmu suna shawarar su ɗauki hayar kwalekwale su yi yini guda a kan ruwan dam. Shawara ce mai kyau. Amma ruwa ba sa'an kowa ba ne, saboda haka bari mu bayyana abin da za ku gani, da abin da za ku kiyaye.

Ina za a je?

Muna da Dam ɗin Pada a ƙasar Gwarzo, da na Guzuguzu da na Magaga a wajen Kabo. Babbansu shi ne Dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye, wanda aka gama a 1992. Ruwansa yana gangarawa ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Ke nan ruwan da za ku hau, shi ne mutanen birnin Kano da manoman fadamun Haɗeja suke jira.

Me za a gani?

Ku fita da sassafe, tun iska ba ta tashi ba. A bakin ruwa za ku ga balbela da zalɓe suna kiwo, da garken kirinjijiya, wani lokaci da guza yana shan hantsi a kan dutse. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai kuma baƙin tsuntsaye da suke gudo wa sanyin ƙasashen Turai, su ƙetare hamadar Sahara su zo wurinmu. Ku roƙi masunta su nuna muku kamunsu: karfasa, da tarwaɗa, da ƙurungu.

Ku duba bakin rafukan da suke zuba cikin dam. Za ku ga tarin laka da yashi. Wannan ƙasar gonakinmu ce ruwan sama ya kwashe, domin mun sare itatuwa, mun yi noma har bakin gaɓa. Gona ta yi hasarar taki, dam kuma yana cikewa. Wanda ya gani da idonsa ba ya bukatar dogon wa'azi.

Don me ba za a yi ninƙaya ba?

A ƙasashen bakin teku, masu yawon buɗe ido sukan sa tabarau na ruwa da bututun shaƙar iska, su leƙa kifaye a ƙarƙashin ruwa. Namu ruwan ba haka yake ba. Yana da laka, ba a ganin kome a ciki, ga kututture da tsofaffin taru da za su riƙe ƙafar mutum.

Sa'an nan ga tsargiya. In mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ciyayin bakin ruwa. A can sukan hayayyafa, su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Bayan makonni sai yaro ya fara fitsarin jini. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma tana lalata mafitsara. Akwai maganinta a asibiti, sunansa praziquantel.

Dokokin jirgi

Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya kife a Dam ɗin Watari, tsakanin ƙauyen Badau da Ɓagwai. Mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. An cika jirgin fiye da ƙima. Maƙwabtanmu ne, baƙin cikinsu namu ne. Kada mu manta da darasin.

1. Ku fara gaida sarkin ruwa, shi ya nuna muku matuƙin da ya san wurin.
2. Matuƙi ya faɗi yawan mutanen da jirginsa yake ɗauka. In kun fi haka, ku yi sawu biyu.
3. Kowa ya sa rigar hana nutsewa. Ƙungiya tana iya saye daga asusunta, kamar yadda take sayen taki.
4. Kada wani ya miƙe tsaye, kada kuma a taru a gefe ɗaya don kallon tsuntsu.
5. In hazo ya yi kauri ko iska ta taso, a fasa. A komo gaɓa kafin la'asar.
6. Ku tafi da ruwan sha daga gida.

Bayan an komo

Ku zauna a ɗakin sujada ku yi shawara. Wa zai dasa itatuwa a bakin rafinsa da damina mai zuwa? Wa zai daina wanke tankin feshi a cikin ruwa, tun da maganin ƙwari yana kashe kifi? Allah ya ba mu amanar ƙasa da ruwa, mu da 'yan'uwanmu Musulmi masunta da makiyaya da muke sha tare. Ku yi addu'a kafin ku hau jirgi, ku ƙirga kanku, ku sake ƙirgawa in kun sauka. Ubangiji ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.