Jar Fitilar Jakar Iska: Kada Mu Rufe Ta Da Salatif

A hanyar Wad Madani zuwa Sinnar da Damazin, wadda ta bi ta Mai Wurno da sauran garuruwan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, tsofaffin Hyundai Accent da Hilux ne ke ɗawainiya da mu. Sau da yawa mukan ga wata jar fitila a gaban direba, mai hoton mutum da balan-balan, mu kau da kai.

Ƙa'idarta, ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan kamar daƙiƙa 6. In ta zauna, to jakar iska tana iya ƙin buɗewa ranar haɗari.

Galibi matsalar ba ta kai ta kawo ba. Akwai soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera, wanda gargada da yawan tura kujera ke sassautawa. Sai batir mai rauni, ko laimar damina da ta shiga ƙasan mota. Idan hon ma ya daina ƙara, a zargi naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari.

Kafin a taɓa komai, a cire kan batir, a jira aƙalla daƙiƙa 90. Kada bakanike ya ɗora mita a kan jakar, domin tana iya fashe masa a fuska. Kwamfutar gareji ce ke faɗin inda laifin yake.

Tun ɓarkewar yaƙin 2023 kayan gyara suka yi tsada, wasu masu sayarwa kuwa cire ƙwan fitilar kawai suke yi. Mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli da hannunsa: in ba ta kama ba sam, ya tambayi dalili kafin ya taya.