Ko Kun Sani? Laƙabin Jaruman Indiya a Bakin 'Yan Kallo

Ko kun san cewa tun zamanin da ake cika sinimomin Kano irin su Marhaba da Eldorado, masoya finafinan Indiya suka raɗa wa jaruman sunayen Hausa? Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, saboda yadda yake tarwatsa taron maza shi kaɗai. Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin, wato wanda aka ba takardar izinin yin ta'asa. Wannan laƙabi ya fi burge ni, domin kalma huɗu kacal sun kwashe halin mutumin a fim kaf, har da tafiyarsa ta isa da jajayen idanun nan.

Rishi Kapoor shi aka kira Mace, don ya yi shigar mata, kamar yadda aka gan shi a fim ɗin Rafoo Chakkar na 1975. Sunan ya bi shi, ko gashin baki ya tara.

Mugun cikin fim kuma, ko wane ne, sunansa bos. Har gobe za ka ji yaro ya leƙo gidan kallo yana haki, yana tambayar na bakin ƙofa: “An kashe bos?”